Ruwan da Ba Don Ni Aka Dafa Ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Salima ce daga Ƙaura Namoda. A kishingiɗe nake rubuta muku wannan, don har yanzu ba na iya zama daidai, kuma ku kaɗai ne zan iya gaya wa dalili ban rage murya ba. Wanda bai san farkon zancen ba kada ya damu. A baki labarin gajere ne, a jiki ne yake da tsawo.

Yayata Rashida, uwa ɗaya uba ɗaya, ta haura shekara goma a gidan mijinta Yaya Misbahu ba haihuwa. Ciki ya shiga ya zube, ya shiga ya zube, har aka yi mata aiki, likita ya ce mahaifarta ba za ta iya riƙe ɗa ba. Ni kuwa bazawara ce. A gona aka kashe mijina a Kurya Madaro, ɗan da muka haifa kuma dangin ubansa suka ɗauke shi ina yaye shi. Ina zaune a gaban Innarmu, ba miji ba ɗa, sai ga Yaya da zancen wani asibiti a Abuja. Wai za a haɗa ƙwanta da irin mijinta a can, a dasa a mahaifar wata, ta raina wata tara ta haifa musu. Inna ce ta rufe ƙofa ta zaunar da ni.

"Salima, ɗiyar uwarki ta. Ke Allah ya ba ki, ita ya hana ta. Aro na za ki yi mata, ba kyauta ba."

Na san abin da malamai suka ce, kada ku cika mini waya da tunatarwa. Mahaifin Yaya Misbahu ma, Malam Sodangi na Shinkafi, an taɓa shafa masa zancen kamar labarin wasu mutane, ya ce bai halatta ba ya juya kai. To amma Malam bai taɓa jin kukan Yaya a bayan ɗaki ba, ni na ji. Na amsa, aka yi shawarar ko dangi kada su sani.

Muka tare a wani ɗan gida a gefen Abuja. Aka ce wa jama'a Yaya ce ke da ciki, likita ya hana ta nisa da asibiti, ni kuma na bi ta don in taimaka mata. In za a kira ta a waya mai hoto sai ta cusa ɗan matashi cikin zane ta jingina tana numfashi da ƙyar, ni ina bayan ƙofa yaro yana ta shurina. Haka muka yi har na haihu, namiji. Ina jin kukansa aka naɗe shi aka miƙa mata. Kwana biyu muka kamo hanyar gida don a yi suna a Ƙaura.

Akwai kuma Halilu. Ɗan Zurmi ne, hatsi yake saye a ƙauyuka ya kawo kasuwar Ƙaura. Ya gan ni tun kafin tafiyar, ya ce aurena yake so, na ce ya jira Yaya ta sauka lafiya. Mutumin nan ya jira. Ba ya iya kalaman soyayya, Allah ya gani. Saƙonsa na asuba kullum ɗaya ne: "Kin tashi lahiya? Gero ya tashi, dawa ta sauka." Amma a watannin nan da ba mai tambayar yadda na kwana, wannan saƙon ne ya riƙe ni. Sau ɗaya ya taɓa yi mini dogon zance, a saƙon murya, kuma har yau ban goge ba. Ya ce, "Ni Salima ba ni da boko, ba ni da wayo. Abu guda nike roƙo, in akwai abin da ya kamata in sani, in ji shi daga bakinki, ba bakin mutane ba."

Mun shirya komai, har takardun asibiti. Shirin shi ne Inna ta zo ta yi jego, ta ɗora ruwa da sunan Yaya, ta kulle ƙofa ta wanke ni. Ashe wanzami ba ya aske ƙeyarsa. Ranar da muka iso aka rufe hanyar Kurya inda Inna take, ba mota mai shiga ba mai fita. Da Malam Sodangi ya ji surukarsa ba mai yi mata wanka, sai ya aika garin Badarawa a ɗauko ƙanwarsa, Gwaggo Kubura.

A bayan babur ta iso, da damin ganyen runhu da na darbejiya ɗaure a baya, da ƙullin kanwa a cinya. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, ido kamar na shaho. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce a nuna mata murhu.

Yaya ta yi maza ta ce, "Gwaggo, aiki anka yi mini. Likita ya ce kada ruwan zahi ya taɓa ni sai ɗinki ya warke. Ni zan riƙa gasa jikina da kaina."

"Likitan namiji na?"

"Awo."

"Ya taɓa haihuwa?"

Ta taɓe baki, amma ta ɗora rabin duro a kan murhu safe da yamma, ba fashi. Yaya ta shiga banɗakin cikin ɗakinta ta kulle, ta tuttular da ruwan a rariya, ta fito tana cije leɓe.

Kun san wa ke faskaren icen? Kun san wa ke jido ruwan? Ni. Mace mai ɗanyen jego, na ɗaure ƙirjina tamau da tsohon gyale a ƙarƙashin riga, na zumbula hijabi har ƙasa, ina hura wutar ruwan da jikina ke kukan nema, ina kallo ana zubar da shi. Nonona ya cika ya yi tauri kamar ɗanyar gwanda. Yaya ta roƙe ni kada in ba yaron, wai kada ya saba da ni, sai madarar gwangwani ake dama masa, aka ce wa Gwaggo nono ne bai zo ba. Gwaggo ta dama kunun kanwa mai kauri, ta gasa nama ta barbaɗe da yajin jego, ni ke ɗaukar tiren in kai wa Yaya. Sai Gwaggo ta fita take turo mini kwanon a ɓoye, in kurɓa a tsaye kamar ɓarauniya.

Mata kuwa cike da gida. Wannan ta shigo da turmin atamfa, waccan da sabulu da kayan jarirai. Yaya na zaune a tsakiyar gado cikin leshi ruwan zuma, an yi mata lalle, an ɗaura mata kallabi, ana ta "Barka da arziki! Barka da sauka lahiya! Allah ya raya!" Wallahi ban yi mata baƙin ciki ba, fuskarta ta yi hasken da na manta tana da shi. Amma ni abin da nake samu shi ne, "Salima, miƙo tabarma." "Salima, kin yi ƙiba hwa, Abuja ta karɓe ki." In na gaji sai in shige ɗakin ajiya da aka share mini, tsakanin buhunan gero da akwatunan Yaya, in kwanta in ji kukansa ta bango. Ban taɓa sanin mutum zai iya kaɗaici a gidan da ko wurin aje takalmi babu ba.

Ana gobe suna na tashi da zazzaɓi. Ƙafafuna sun kumbura, silifas ya ƙi shiga. Ga saƙon Halilu: "Gobe Yaya Hafsat za ta zo suna, ta gan ki, ta kawo 'yan kaya. Sa atamfar nan mai ganye." Yaya Hafsat ita ce babbar yayarsu, ita ta raine shi, abin da ta ce shi ne magana a gidansu. Na amsa da "Allah ya kai mu," na kife wayar.

Da la'asar gidan ya ɗan yi sauƙi. Gwaggo ta kira ni in taya ta kwashe ruwa zuwa makewayin tsakar gida, wai yau can za a yi, ta gaji da wankan ɓoye. Na sunkuya na ɗaga bokiti ke nan yaron ya tsala kuka daga ɗaki. Ku mata kun san abin da ke biyo baya. Na ji tsir a ƙirjina, kafin in miƙe gyalen ya jiƙe, riga ta jiƙe, hijabina ruwan toka ya yi taswira biyu a gaba. Na rungume hannuna, amma ido ya riga ya gani.

Gwaggo ta matso. Ta karɓi bokitin, ta kama tsintsiyar hannuna ta ja ni cikin makewayi, ta tura ƙyauren langa-langa ta sa sakata.

"Tuɓe."

"Gwaggo, ruwa na ya zubo mini..."

"Ɗiyar ga, tun ba a haihi uwarki ba nike wanke masu jego. Tun ranar da niz zo nig ga tahiyarki, nig ga zamanki bisa gehe guda. Waccan ta cikin ɗaki tana tashi tsaye kamar barewa. Ina jira in ga iyakar haukarku. Tuɓe nic ce."

Na kwance gyalen. Ta dubi ƙirjina, ta dubi cikina, ta danna ƙafata da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Sai ta yi salati.

"Kashe ki za su yi? Sanyi ya hwara shigarki! Ɗan Misbahu na?"

"Nashi na, Gwaggo, shi da Yaya. Wallahi bai taɓa ko hannuna ba. Asibiti anka haɗa, anka sa mini. Ni riƙo kawai niy yi."

Ta daɗe tana kallona. Ban san ko ta gane ba, ban san ko ta yarda ba. Ta ce, "Wanga zamani ya hi ƙarhina. Wannan tsakaninku da Allah da Malam. Ni abin da nis sani guda na, jikin da ya haihu shi aka wankewa. Zauna."

Na zauna a kan turmin da aka kifa. Ta tsoma damin ganyen a tafasasshen ruwa, ta kaɗa, ta fyaɗa mini a baya. Wayyo Allah! Zafi ya ratsa ni har ƙashi, na cusa gefen zane a baki don kada in yi ihu. Ta fyaɗa a kafaɗa, a ƙugu, a cinya, tururi ya turnuƙe har ba na ganin fuskarta. Ta gasa mini ƙirji da tsumma tana matsewa a hankali, abin da ya daskare ya saki. Can cikin tururin sai na ji ta ce, ƙasa-ƙasa, kamar ba da ni take ba:

"Sannu, ɗiyata. Barka da arziki. Kin sha wuya."

'Yan uwa, tun da na haihu ba wanda ya ce mini haka. Ko Yaya, godiya take yi mini, ba barka ba. Ban yi kuka a ɗakin haihuwa ba, ban yi ba da aka miƙa shi, amma a kan turmin nan na yi kukan da har Gwaggo ta dakata ta dafa kaina.

A nan muka ji sallama.

Murya ce mai kauri, ta mace mai iko da gidanta. Na ji Yaya ta amsa daga ɗaki, na ji ana gaisawa, na ji "Hafsat ta, daga Zurmi. Mun samu motocin da sojoji ka rakiya yau, Halilu ya ce gara mu kwana nan, gobe ba tabbas." Na ji ta karɓi yaro tana sa albarka. Sai takun takalmi ya nufo tsakar gida.

"Ikon Allah. Ga mai jego cikin ɗaki ta sha leshi, ga tururin runhu na tashi makewayi. To wa aka wa wanka?"

Gwaggo ta buɗe baki ta rufe. Tsohuwar da ke azumin Litinin da Alhamis, ƙarya ba ta zauna mata a harshe ba. Ta ce, "Ɗiyar gidan ga ta, ba ta jin daɗi."

"Salima? Ai ita niz zo gani. Bari in yi mata sannu."

Ba inda zan shiga. Makewayi ƙofa ɗaya gare shi, kayana kuma a jiƙe suke a ƙasa. Na fito da ɗaurin ƙirji, jikina na hayaƙi, ganye manne a kafaɗata, fatata ta yi jawur. Yaya Hafsat doguwa ce, cikin shadda ruwan ƙasa da babban mayafi, jaka mai zif a hannu ɗaya, yaron a ɗaya. Uwar 'ya'ya takwas ce. Kallo ɗaya ta yi mini daga sama har ƙasa. Yaron ya motsa ya yi ɗan kuka, zanen ƙirjina ya sake jiƙewa a gabanta.

Ta juya ta dubi Yaya da ta fito bakin ƙofa, ta sake dubana.

"Ɗan wa na wanga?"

Da na faɗi gaskiya duka, na wanke kaina, na tona Yaya a gaban baƙuwa ana gobe suna. Da na yi shiru, kun san abin da za a ɗauka: bazawara ta yi cikin shege a gidan yayarta, an rufa mata asiri. Na dubi Yaya. Ta haɗa tafin hannunta biyu a ƙirji.

Na ce, "Ɗan Yaya na."

Yaya Hafsat ta gyaɗa kai a hankali. Ta miƙa wa Gwaggo yaron, ba ni ba, ba Yaya ba. Ta gyara mayafi, ta ɗauki jakarta da ko zif ba a zuge ba, ta ce, "Allah ya raya." Ta fita.

Na shiga ɗakin ajiya na sa riga. Ban gama ɗaura kallabi ba waya ta yi ƙara, saƙon Halilu ne. "Ina zaure. Hito."

Na zari busasshen hijabi. A tsakar gida Yaya ta tare ni, ta durƙusa da leshinta a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ta kama gefen hijabin.

"Salima, don Allah. Don darajar Inna. Gobe na kawai, bari a raɗa mishi suna. In Malam ya ji, na mutu."

"Yaya, cikina na ara miki. Ba mu yi da ke har da bakina ba."

Na faɗa da ƙarfi, amma Allah ya sani zuciyata ta karye da na zare hijabin daga hannunta.

Halilu na tsaye a zaure, ya jingina da bango, hula a hannu, ƙurar hanya har gira. Bai dube ni ba. Ƙamshin runhu ya riga ni isa wurinsa.

"Yaya Hafsat ta hwaɗa mini abin da tag gani. Na ce mata ban ji ba sai daga bakinki."

Na gaya masa. Tun daga ƙofar da Inna ta rufe har turmin da na tashi a kai yanzu. Ban yi kuka ba, na riga na ƙarar. Ya saurara yana murza hular nan kamar zai yaga ta. Ina gamawa aka fara kiran magariba a masallacin unguwa.

"Duk saƙon da nike turo miki, da ciki kike amsawa?"

"Awo."

"Ke kaɗai?"

"Ni kaɗai."

Ya share fuska da tafin hannu. Ya ce, "Na yarda ba ki yi alhwasha ba. Wannan na yarda, ko Yaya Hafsat ba ta yarda ba. Amma Salima, ni ban san sunan wanga abu ga addini ba. Ban san ko ɗanki na ko ba ɗanki ba. Ban san ko akwai idda bisa kanki ba. Ban ce na hwasa ba, ban kuma ce ina nan ba. Sai na tambayi malami."

"Wane malami?"

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni, idonsa ja.

"Ƙasar ga duka wa aka tambaya? Malam Sodangi. An ce da sahe shina isowa raɗin suna. Jikanshi na, ya hi kowa haƙƙin ya sani."

"Halilu, don Allah, ba shi ba."

"Ba ni hwaɗin suna. Amma ba ni iya aure bisa abin da ban sani ba."

Ya sa hularsa ya nufi masallaci. Bai ce sai da safe ba. Ni da shi duka mun san Malam ba yaro ba ne, mutumin da ɗansa ya taɓa kawo masa irin wannan tambayar ba ya bukatar a faɗa masa suna.

Na koma ciki. Ɗakin Yaya a rufe, ina jin sheshshekarta da muryar mijinta ƙasa-ƙasa, ba wanda ya leƙo. Ragunan suna biyu na ɗaure a gindin darbejiya suna tuƙa. A ƙofar ɗakin ajiya na tarar da kwano a rufe da faifai. Na buɗe, kunun kanwa ne mai zafi, da tsokar nama a gefe an barbaɗe ta da yaji. Gwaggo na bakin murhu ta ba ni baya, tana tura sabon ice ƙarƙashin duro don ruwan safe.

Na shiga da kwanon na zauna tsakanin buhuna. Yau ne karo na farko da aka dama kunun da sunana, ba sai na sha a tsaye ba. Na duba waya, ba saƙo. Ta bango yaron ya fara kuka, na ɗaga kwanon na sha, ni kaɗai.